Abin da Ajin Badujala ke Koya wa Sabon Malami

Jawabin wannan mako ya shafi wani ɗaki ne da ake samu a yawancin makarantun ƙasar Amurka, wanda galibi akan keɓe shi can ƙarshen gini, nesa da sauran azuzuwa, saboda ƙarar da ke fitowa daga cikinsa. Shi ne ɗakin koyon kiɗan badujala, inda yara 'yan shekara 11 zuwa 14 ke koyon busa ƙahoni da sarewa da kaɗa ganguna a cikin lokacin karatu, kamar dai yadda suke koyon lissafi ko tarihi. A kowace shekara jami'o'i sukan aika da ɗalibansu masu koyon aikin malanta, maza da mata, zuwa irin waɗannan ɗakuna domin gwajin koyarwa. Sukan shiga da niyyar koyar da yara, amma kafin zangon ya ƙare sai ka tarar karatun da suka ɗauka bai gaza wanda suka bayar ba.

Kafin a shiga ɗakin, ya kamata a san yadda aka yi badujala ta sami gindin zama a makaranta. A shekarar 1838 ne hukumar makarantun birnin Boston ta yarda a riƙa koyar da waƙa a makarantun gwamnati, bisa ƙoƙarin wani malami mai suna Lowell Mason. To, amma waƙar baka ce kawai a wancan zamani. Busa da kiɗa ba su bazu sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya ƙare a 1918, lokacin da mabusan soja da yawa suka komo gida suna neman abin yi, kuma ƙungiyoyin badujala masu yawo gari-gari, irin wadda John Philip Sousa ya shahara da ita, suka fara ja da baya saboda zuwan garmaho da silima da rediyo. Da masu ƙera ƙahoni suka ga kasuwa na neman kuɓuce musu, sai suka juya ga makarantu. Su ne suka ɗauki nauyin babbar gasar badujalar makarantu ta farko, wadda aka yi a birnin Shikago a 1923, inda makarantar garin Fostoria ta jihar Ohayo ta zo ta ɗaya. A wannan shekara kuma Joseph Maddy da Thaddeus Giddings suka fito da wani littafi da ya nuna yadda malami guda zai iya koyar da kayan busa iri dabam-dabam a aji ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Wannan dabara ce ta sa abin ya yi arahar da makarantu za su iya ɗauka, kuma ita ce tushen wahalar da sabon malami ke sha har yau.

A wurare da yawa yaro yakan fara riƙe ƙaho ne a makarantar midil, watau aji shida zuwa takwas, tsakanin firamare da babbar sakandare. Shi kuwa ɗalibin malanta da aka turo masa, yana shekararsa ta ƙarshe ce a jami'a. Ya yi kimanin shekara goma yana busa abu guda, ya ƙware a kansa, sa'an nan an ɗan ɗanɗana masa sauran kayan busa da na kiɗa a darussan jami'a. Zai yi wata uku ko huɗu a ƙarƙashin malamin da ke riƙe da ajin, yana farawa da kallo, daga nan a ba shi minti goma, har a kai ga sakar masa ajin baki ɗaya, kuma wani malami daga jami'a yakan zo lokaci-lokaci ya zauna a baya yana rubutu. Galibi ba a biyansa ko anini, ko da yake wasu jihohi, irin su Mishigan tun daga 2022, sun fara ba da tallafi. Sai ya ci wannan gwaji ne zai sami takardar izinin koyarwa.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne gwanintarsa ta zame masa cikas. Wanda ya daɗe da iya abu yakan manta yadda aka yi ya iya. Shi da ya shirya zai yi bayani a kan daɗin sauti, sai ya tarar darasin farko shi ne yadda ake buɗe akwati: a ajiye shi a ƙasa, a tabbata murfin na sama, don kuwa in aka buɗe shi a kife, kilarinet mai gaɓa biyar zai zube a kan siminti. Kafin a busa komai sai an koyi yadda ake haɗa gaɓoɓin ba tare da an lanƙwasa maɓallai ba, da yadda ake zama a bakin kujera, da yadda ake jan numfashi. Ƙahon turamfet ba ya yin ƙara sai leɓɓan mai busa sun yi rawa a cikin bakinsa. Sarewar Turawa kuwa ba a hura iska cikinta kai tsaye, ana hurawa ne a kan gefen ramin, kamar yadda yara ke busa bakin kwalba, kuma akwai yaran da kan yi kwanaki suna hurawa har jiri ya ɗebe su ba su sami sauti ba. Malamin da ya ce wa irin wannan yaro ya dai ƙara ƙoƙari bai ba shi komai ba. Tilas ne ya koma ya farfasa abin da jikinsa ke yi ba da tunani ba, ya mai da shi ƙananan matakai, kowanne da kalmomin da ɗan shekara 11 zai gane.

A nan akwai abin lura ga wanda ya san yadda ɗan makaɗi ke tasowa a ƙasar Hausa. Yaron gidan masu algaita ko masu kalangu yakan yi shekaru yana bin mahaifinsa, yana ɗaukar kaya, kunnensa na cika da kiɗan tun hannunsa bai taɓa shi ba. Yaron ajin badujala sau da yawa ba shi da wannan gata, domin wataƙila bai taɓa jin an busa turambon a kusa da shi ba sai ranar da aka miƙa masa. Sabon malami kuwa, da yake a kan takarda ya yi karatunsa na jami'a, sai ya so ya fara da takarda: ga layuka biyar, ga sunan wannan ɗigo, ga tsawon wancan. Masana sun daɗe da yin gargaɗi a kan haka. Tun zamanin Lowell Mason ake bin ra'ayin Pestalozzi, malamin nan na ƙasar Suwizalan, cewa a fara da sauti kafin alamarsa. Shinichi Suzuki na Japan ya gina tsarinsa a kan yadda jariri ke koyon harshen uwa da ji kafin karatu, kuma Edwin Gordon na Amurka ya shafe rayuwarsa yana nazarin yadda mutum ke jin kiɗa a cikin ransa kafin ya fitar da shi. Ɗalibin malanta ya karanta duk wannan ya ci jarrabawa a kai, amma ba ya gaskata shi sosai sai ranar da bayani ya ƙare masa, ya ɗauki ƙaho ya busa sauti uku, yara suka maimaita daidai nan take.

Daga nan sai darasi na biyu, wanda kusan kowane tsohon malami kan nanata, watau rage surutu. Lokacin darasi bai cika wuce minti 45 ko 50 ba, kuma a ciki ne za a fito da kaya, a haɗa, a zauna, a kuma mayar. Ajin na iya kai yara 50 ko fiye, kowanne riƙe da abin da aka ƙera musamman domin ya yi ƙara. Duk daƙiƙar da malami ya ɓata yana laluben takarda ko yana dogon bayani, wani zai gwada ƙahonsa, na kusa da shi ya amsa, kafin a ankara ɗaki ya kaure. Wasu malaman da ke riƙe da aji sukan zauna da agogo su ƙidaya mintin da ɗalibinsu ya yi yana magana da wanda yara suka yi suna busa, wasu kuma sukan ɗauke shi a bidiyo su ba shi ya kalla. Da wuya ya kalla bai ji kunya ba. A hankali yakan koyi cewa in ya tsai da kiɗa, sai ya faɗi abu uku cikin numfashi ɗaya: su wa yake nufi, daga ina za a ɗauko, me za a gyara. Sa'an nan ya ɗaga hannu a ci gaba.

Yakan kuma gane cewa ba a yi wa badujala tsawa, domin babu muryar da za ta rinjayi ƙahoni 50. Malamin da ya fara ihu a makon farko zai rasa muryarsa a na biyu. Abin da ke aiki shi ne al'adar da aka kafa tun ranar farko: in malami ya hau ɗan dandamalin da ke gaban aji, kowa ya sauke abin busarsa a kan cinya ya yi shiru, malami kuwa ya jira, ko da jiran zai yi masa tsawo, har sai shirun ya tabbata. Ƙarar ɗakin ma ba abin wasa ba ce. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar kada ƙarar da mutum ke sha a aikin awa 8 ta wuce desibel 85, kuma ajin badujala yakan zarce haka, shi ya sa malamai da yawa ke sa abin toshe kunne na musamman wanda ke rage ƙara ba tare da ya ɓata sauti ba.

Akwai kuma 'yan layin baya, watau masu ganguna. Sau da yawa rubutun kiɗan kan bar su suna ƙidayar bugu ba su taɓa komai ba, ga sanduna a hannu, ga malami ya yi minti goma yana fama da masu sarewa a layin gaba. In suka fara ƙiriniya, sabon malami yakan ɗauka rashin tarbiyya ne. Tsohon malami kuwa zai tambaye shi aikin da ya ba su a cikin mintin goman nan. Yaron da aka bari ba aiki shi zai samo wa kansa. Saboda haka ake koya wa ɗalibin malanta cewa duk lokacin da yake gyara wani sashe, sauran su riƙa motsa yatsu a kan maɓallai ba busa, ko su tafa karin, ko su saurara domin za a tambaye su abin da suka ji.

Darasi na uku ya fi waɗannan wuya, domin ya shafi kunnen malamin kansa. A gabansa akwai babban littafin da ya tattara abin da kowane sashe ke busawa, layi bisa layi. A makonnin farko kansa na sunkuye cikin littafin, hannunsa na kaɗa iska, yana fargabar kada ya ɓace. Yana jin cewa wani abu bai yi daidai ba, amma bai san daga wane layi ya fito ba, sai ya ce a sake. A sake, kuskuren ya sake fitowa, tun da ba a gaya wa kowa abin da zai canja ba. Maimaici irin wannan ƙara dasa kuskure yake yi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kayan busa ba sa kiran sauti da suna ɗaya. Alal misali, sautin da yawancin azuzuwa ke farawa da shi ana ce da shi B-filat. Mai sarewa da mai turambon haka suke ganinsa a takardarsu. Amma domin a sami wannan sauti ɗin dai, mai turamfet da mai kilarinet sai su busa abin da takardarsu ta kira C, mai ƙaramin saksofon na alto ya busa G, mai ƙahon Faransa kuma ya busa F. Ke nan sauti guda, suna huɗu. In malami ya yi suɓul da baka ya ce kowa ya busa C, abin da zai fito ba ya sauraruwa, kuma laifin ba na yara ba ne. Dole ya iya wannan lissafi a tsaye, cikin ƙiftawar ido, ya kuma san yatsun da kowane abin busa ke bukata. Maganin da tsofaffi kan ba shi guda ne: ya zauna da littafin tun daren jiya, ya rera kowane layi da bakinsa, ya yi alama a wuraren da ya san yara za su yi tuntuɓe, domin gobe ya ɗaga kai ya dube su. Sau da yawa ido kan ga kuskure kafin kunne ya ji shi, tun da yatsan da ya sauka a kan maɓallin da ba shi ba a fili yake.

Da zarar ya fara duban yaran, sai darasi na huɗu ya bayyana, wanda shi ne ya fi sauya halin mutum. Abubuwa da dama da ya ɗauka taurin kai ne ko lalaci, ashe suna da dalili na zahiri. Kilarinet da saksofon suna yin sauti ne da wani ɗan siririn harshen kara da ake ɗaurawa a bakinsu, ɗan'uwan wanda ke bakin algaita, kuma in ya ɗan tsage ko ya bushe, ko gwani ne ya busa sai ya yi ƙuwwa. Turamfet yana da maɓallai uku, in yaro ya ciro su ya sa mai ya mayar da ɗaya a juye, iska ba za ta wuce ba ko kaɗan. Turambon ana canja sautinsa ne da wani bututu mai zamewa da ke da matsayi bakwai, kuma hannun ƙaramin yaro sau da yawa ba ya isa na bakwai. Yarinyar da jiya take busa da kyau, yau ta kasa, wataƙila likita ne ya ɗaura mata wayar gyaran haƙora, leɓenta na ciwo. Ko sanyi ma yana da nasa hannu, domin abin busa mai sanyi yakan sauke sauti ƙasa da inda ya kamata. Shi ya sa aljihun tsohon malami ba ya rabo da ƙaramin sukundireba da man maɓallai da sabon harshen kara. Ƙa'idar da sabon malami kan ɗauka daga nan ita ce ya binciki abin busa kafin ya zargi mai busa.

Binciken kan kai shi har gida. A yawancin wurare iyaye ne ke saye ko hayar abin busa wata-wata, makaranta kuwa ta tanadi manyan da suka fi ƙarfin aljihu. Da yake kaso mai yawa na kuɗin makarantun Amurka daga harajin gidaje da filaye na yankin yake fitowa, makarantar unguwar masu hali takan sami sababbin kaya, ta unguwar talakawa kuwa ta yi ta lallaɓa tsofaffi. Haka nan akwai al'adar ba yara takardar da za su rubuta mintin da suka yi suna gwaji a gida, iyaye su sa hannu, a ba da maki. Yaron da ke zaune a ɗakin haya a gidan bene, maƙwabta ta ko'ina, ko wanda mahaifiyarsa ke aikin dare tana barci da rana, ina zai busa turamfet? Takardar nan a wurinsa halin gidansu take aunawa. Malamin da ya gane haka yakan buɗe ɗakin badujala da sassafe ko lokacin cin abinci, domin wanda ba shi da wuri a gida ya samu a makaranta.

Duk wannan yana da muhimmanci ne saboda dalili guda. A yawancin makarantu badujala darasin zaɓi ne. Yaro ba shi da ikon barin lissafi, amma yana iya barin ƙaho a ƙarshen shekara, kuma wanda ya ajiye shi a wannan shekaru da wuya ya sake ɗauka. Ga shi kuwa shekarun ne da yaro ya fi tsoron dariyar tsararsa: jiki na sauyawa, murya na fashewa, kowa na ganin shi ake kallo. Kuskuren lissafi a cikin littafi yake ɓoye, na busa kuwa kowa a ɗakin sai ya ji. In kilarinet ɗin wata yarinya ya yi ƙuwwa aji ya fashe da dariya, abin da malami ya yi a daƙiƙa biyar ɗin da suka biyo baya na iya zama shi ne zai sa ta zauna ko ta tafi. Mai hikima yakan nuna wa aji cewa ƙuwwar nan kowane mai kilarinet ya yi ta, ya faɗi abin da ke kawo ta, ya wuce. Ba ya sa yaro mai rauni ya busa shi kaɗai ba shiri, sai dai ya haɗa shi da biyu ko uku. Har tsohuwar al'adar jera yara a kujeru bisa ga gwaninta, daga kujerar farko zuwa ta ƙarshe, malamai da dama sun sassauta ta a ajin masu farawa, domin wanda aka ajiye a kujerar ƙarshe yana ɗan shekara 11 yakan ɗauka hukuncin ke nan har abada, alhali kuwa wasu yaran a hankali suke nuna kansu. Yabo ma sai an iya shi. Cewa an yi kyau ba ya koya wa kowa komai, amma in malami ya kira yaro da sunansa ya ce yau ya riƙe dogon sautin nan har ƙarshe, yaron ya san abin da zai sake yi gobe. Don haka ne ake matsa wa ɗalibin malanta ya haddace sunaye, ko da sun haura ɗari.

Zangon kaka yakan ƙare da wasan kiɗa a watan Disamba, iyaye su cika zauren makaranta. Masu farawa ba su da abin da ya wuce sauti biyar ko shida, kuma wanda ya saba da ƙwararru zai ji gyare-gyare birjik. Akan ba ɗalibin malanta waƙa guda ya jagoranta. A nan yake gane cewa siririyar sandar da ke hannunsa ba ta fitar da sauti ko ɗaya, duk abin da za a ji a zauren daga numfashin yaran zai fito, kuma aikinsa ya riga ya ƙare a cikin makonnin da suka wuce. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yaron da ke busa sauti biyu kacal a kan ƙaton ƙahon da ke layin baya, shi ne ginshiƙin da sauran suka dogara a kai. Bayan an watse, malamin jami'a zai rubuta rahotonsa, amma tsofaffin malaman badujala suna da wani ma'aunin da suka fi yarda da shi, watau yawan yaran da za su sake rubuta sunansu a ajin in shekara ta zagayo.

A nan jawabin wannan mako ya tsaya.